Tambaya da Amsa: Hutun Yoga da Maganin Gargajiya a Ƙauyukan Kerala

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: tallan da ejan-ejan masu kai marasa lafiya Indiya suka fara yi, na zuwa ƙauye a huta, a yi yoga, a sha maganin gargajiyar can da ake kira Ayurveda. Yawancin wuraren suna jihar Kerala ne, a kudu maso yammacin ƙasar. Mun bar sunayen magunguna da ayyukan yadda za ku gan su a takardun masu wurin, don kada a nuna muku takarda ku kasa gane abin da kuka biya wa kuɗi.

Tambaya: Shekarata 58, ina kasuwanci a Kano. Baya da gwiwa sun daɗe suna damuna. Wani ejan ya ce in je kwana bakwai a yi mini Panchakarma, a wanke mini jiki tas daga duk wata guba. Me ake yi a ciki, kuma kwana bakwan sun isa?

Alhaji, Allah Ya ƙara sauƙi. Kwana bakwai ba sa isa, bari mu yi lissafin tare ka gani.

Panchakarma na nufin ayyuka biyar: sa mutum amai, sa shi gudawa, ɗura magani ta dubura, ɗiga magani a hanci, da fitar da jini, wani lokaci da matsattsaku. Ba duka ake yi wa mutum ɗaya ba, likitan ne ke zaɓa. Kuma kafin a taɓa ko ɗaya akwai share fage, wanda shi ne ke cin kwanaki.

Share fagen da shan man shanu yake farawa, soyayye wanda aka dafa da magani. Da sassafe ake sha, ciki babu komai, a bi da ruwan ɗumi. Ranar farko kamar mililita 30 zuwa 50, kullum ana ƙarawa, daga kwana uku zuwa bakwai, ba a wuce bakwai. Bayan an sha ba a cin komai sai yunwa ta gaske ta zo, wani lokaci har la'asar, sannan a ba ka kunun shinkafa tsararo. Likitan yana duba bayan gida: idan ya yi laushi yana maiƙo, kuma ranka ya fara ƙin ko warin man, to an kai. Daga nan sai kwana uku na tausa da man riɗi mai ɗumi da sirace a cikin akwatin katako, kanka a waje, minti goma zuwa goma sha biyar. Sannan ranar wankin cikin kanta, da suke kira virechana, inda ake ba da man zurma ko wani haɗi na saiwar trivrit. Littattafansu sun ƙidaya zagayawa goma a matsayin ƙaramin wanki, ashirin matsakaici, talatin babba. Bayan wannan hanji ya yi laushi, ba ya ɗaukar abinci mai nauyi, don haka sai a yi kwana uku zuwa bakwai ana hawa a hankali: ruwan kunu, kunu mai kauri, romon koren wake, kafin a dawo cin abinci sosai. Haɗa biyar da uku da ɗaya da biyar, ka ga mako biyu ke nan, a kan aiki ɗaya kacal daga cikin biyar ɗin. Ɗurar dubura kuwa, mafi gajartar jerinta sau takwas ne, ana musanya ta mai (mililita 60 zuwa 120) da ta dafaffen magani mai zuma da gishiri, wadda takan kai rabin lita ko fiye.

Wanda ya ce zai yi maka wannan a kwana bakwai, ɗayan biyu ne. Ko dai tausa kawai zai yi maka ya laƙaba mata babban suna, ko kuma ya dunƙule matakan, a wanke maka ciki ranar Alhamis ka hau jirgi ranar Asabar da jiri. Na farkon ya fi na biyun alheri nesa ba kusa ba.

Kuma a ganinmu tausar ce ma ta dace da ciwonka. Mutanen Kerala sun yi fice a magungunan waje. Akwai elakizhi, ganyaye da ake soyawa cikin mai a ɗaure a ƙyalle kamar ƙullin goro, ana ɗumamawa ana gasa gaɓoɓi. Akwai kati vasti: a kwaɓa garin wani baƙin wake a yi da'ira a ƙugu kamar bakin rijiya, a cika da mai mai ɗumi, ana sauya shi in ya huce, kimanin rabin awa. Akwai pizhichil, inda mutum biyu zuwa huɗu ke tsoma ƙyalle a mai suna matsa shi a jikinka kana kwance a kan gadon katako, awa ɗaya ko da ɗoriya. Ɗumi da tausa da hutu da motsa jiki a hankali suna sassauta ciwon baya da na gwiwa, wannan ba a musu. Amma guringuntsin gwiwar da ya cinye ba ya dawowa da mai, kuma sauƙin yakan ja baya cikin makonni ko watanni idan ba a ci gaba da motsa jiki da rage ƙiba a gida ba. Batun guba kuma, kalmarsu ce ama, wani ra'ayi ne a cikin iliminsu, ba abu ne da ake aunawa a gwajin jini ba. Aikin tace jini na hanta ne da ƙoda.

Kafin ka biya ko sisi, ka je asibiti a duba bayan nan. Idan akwai sanyin ƙafa ko jan ta, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, fitsari yana ƙwacewa ko yana ƙin fita, zazzaɓi, rama, ko ciwon da ke tashinka cikin dare, to ba na tausa ba ne. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma danna irin wannan ƙashi ɓarna ce. Ka tafi da hoton bayan a hannunka.

Wani ƙaramin abu: a wurin ba shayi mai ƙarfi, ba kofi, ba taba, ba goro. Mai cin goro kullum in ya yanke rana ɗaya, ciwon kai zai sha na kwana biyu ko uku. Ka fara ragewa tun saura mako guda.

Tambaya: Ina da ciwon suga da hawan jini, ina shan metformin da glibenclamide da amlodipine. An ce mini in na je can zan bar shan ƙwayoyi gaba ɗaya. 'Yata mai sikila ce za ta raka ni, ita ma tana so a yi mata. Me kuke gani? Daga wata Hajiya a Zariya.

Hajiya, duk wanda ya ce ki ajiye ƙwayoyinki, ki ajiye shi tukuna. Cibiyoyin kirki a Kerala da kansu suke cewa a zo da magungunan asibiti a ci gaba da sha.

Haɗarinki na farko faɗuwar suga ne, ba hawansa ba. Glibenclamide yana tura suga ƙasa ko kin ci abinci ko ba ki ci ba, ga shi kuma a kwanakin man shanu ana wuni ba a ci ba. Ƙari a kan haka, cikin magungunansu na suga akwai hulba da karela, ɗan'uwan garahuni, su ma suna sauke shi. Gumi mai sanyi, rawar hannu, bugun zuciya, ruɗewa: ki auna nan take. In ya yi ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ki sha suga babban cokali ɗaya a ruwa, ki sake aunawa bayan minti goma sha biyar. Kada ki yarda a ce miki ai gubar ce ke fita. Ki tafi da na'urar awonki da isassun tsinkenta, ki riƙa aunawa sau uku ko huɗu a rana, kuma tun a gida likitanki ya rubuta miki yadda za ki rage ƙwayar a ranar da abinci ya ragu.

Na biyu bushewar jiki. Gudawa goma ko ashirin tana kwashe ruwa da gishirin jiki, ƙoda ta shiga wahala, kuma metformin a jikin da ya bushe yana iya jawo matsala babba. Don haka a auna ƙodarki kafin tafiya. Sirace kuma yana buɗe jijiyoyin jini, ga amlodipine na yin aikinsa, sai mutum ya miƙe daga akwatin ya yanke jiki ya faɗi a daɓen da mai ya jiƙa. Ki zauna minti biyu kafin ki tashi, a riƙe ki. Mu nan ma mun san zafi yana wahalar da zuciya: likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Amai kuwa na dole, da suke kira vamana, bai dace da mai hawan jini ba sam, haka mai gyambon ciki da mai ciwon zuciya. Akwai kuma saiwar yashtimadhu, wadda Larabawa ke kira irƙus-sus, tana cikin haɗe-haɗensu da yawa, tana ɗaga hawan jini in aka daɗe ana sha. Ki tambaya ko tana cikin naki.

Idan ciwon suga ya fara kashe miki jin tafin ƙafa, kada a gasa miki ƙafa da ƙullin ganye. A kasko ake ɗumama shi, mai tausar a bayan hannunsa yake gwadawa, ke kuwa ba za ki ji ƙuna ba sai kin ga bororo.

'Yarki kuma, tausa mai laushi da numfashi a hankali ba laifi. Wankin ciki, amai, sirace da fitar da jini kada ta kusance su. Rashin ruwa a jiki na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, haka sanyin ruwan sama, kuma ƙauye ba wurin da za a so ciwon ya tashi ba ne. Mai ciki, mai wankin ƙoda, mai ciwon daji da ke kan magani, da tsoho mai rauni, duk hukuncinsu ɗaya da nata.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Damagaram. Na ji an ce yoga bautar rana ce. Musulmi zai iya zuwa irin wannan wuri bai taɓa addininsa ba?

Malam, fatawa ta malamai ce. Abin da za mu iya shi ne mu faɗa maka abin da ke faruwa a wurin filla-filla, don in ka je wa malaminka da tambaya ka je da cikakkiya.

Yoga a addinin Hindu ta samo asali, wannan gaskiya ne. A tsohon tsarin Patanjali, wani malamin Indiya na zamanin da, rassa takwas gare ta, tsayuwar jiki da sarrafa numfashi biyu ne kawai daga ciki, sauran tarbiyyar rai ce da zurfafa tunani. Abin da ya bazu a duniya shi ne waɗannan biyun. Maganar rana kuma daga Surya Namaskar ta fito, jerin motsi goma sha biyu wanda sunansa ke nufin gaisuwa ga rana. A al'adance ana yin sa da fitowar rana ana fuskantar gabas, wasu malaman suna haɗa kowane motsi da kiran wani suna na rana. Ana kuma buɗe darasi a rufe da furta kalmar ibada ta Om da wasu addu'o'i cikin Sanskrit, tsohon harshen addinin Hindu. A ɗakin magani ma, sau da yawa za ka tarar da fitilar tagulla a kunne gaban hoton Dhanvantari, wanda suke ɗauka abin bautar magani, mai tausar ya yi 'yar addu'arsa kafin ya fara.

Hukumomin addini sun yi magana. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda waɗannan abubuwa na ibada da ke cikinta. Majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta haramta mai ɗauke da kirari da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki.

A aikace wuraren iri biyu ne. Akwai ashram, wanda gidan ibada ne da koyarwa, kamar na Sivananda da ke Neyyar Dam kusa da Thiruvananthapuram, ko waɗanda suka cika garin Rishikesh a bakin kogin Ganga can arewa. A nan zaman waƙoƙin ibada safe da yamma yana cikin tsarin yini, ana sa ran kowa ya halarta. Wanda ke gudun shubuha ba nan zai nufa ba. Akwai kuma asibiti ko cibiyar Ayurveda, inda yoga darasi ne na awa guda, kana iya cewa ba ka son kirari da gaisuwar rana, ko ka bar darasin gaba ɗaya. Ka rubuta musu wannan tun kafin ka biya, su amsa a rubuce.

Kerala kanta ba baƙuwar Musulunci ba ce. A ƙidayar 2011 Musulmi sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar, a gundumar Malappuram kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari ne. A wannan gundumar garin Kottakkal yake, inda P. S. Varier ya kafa Arya Vaidya Sala a 1902, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen Ayurveda da aka fi sani, kuma Larabawan yankin Gulf sun daɗe suna zuwa jihar neman magani. Masallaci ba zai yi maka wuya ba. Sai dai ka lura, alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Ka roƙi a tsara maka lokutan tausa yadda ba za su ci azahar da la'asar ba, kuma kada ka sa tafiyar a watan azumi, don magungunan da rana ake sha.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne cikin kwalba. Duk maganin da sunansa ya ƙare da arishtam ko asavam tsimi ne, an bar shi ya yi tsami har barasa ta samu a ciki, tana iya kaiwa kashi 12 cikin ɗari. Wasu haɗe-haɗen kuma akwai fitsarin saniya, za ka ga an rubuta gomutra ko panchagavya. Ka faɗa wa likitan tun ranar farko, yana da madadinsu: kashayam, wato dafaffen ruwan magani, ko churnam, wato gari. Nama ba matsala ba ne, don abincin masu jinya galibi shinkafa ce da wake da ganye. Wanda kuma hankalinsa ya fi kwanciya da maganin da ya biyo ta hannun Larabawa, Indiya tana da Unani, mai hakimai da ƙaho da kwalejoji nasa, ƙarfinsa yana Hyderabad da Delhi da Aligarh.

Tambaya: A hoto duk wuraren kyau gare su, ga kwakwa ga ruwa. Ta yaya zan bambance na gaske da na 'yan neman kuɗi?

Ɗan'uwa, ka fara da likitan. Cikakken likitan Ayurveda yana da digirin BAMS, karatun shekara biyar da rabi har da shekarar koyon aiki, kuma yana da lambar rajista. Ka nemi sunansa da lambar, ka tambaya ko a wurin yake kwana ko leƙowa yake yi. Inda ake wankin ciki ba likita da dare, ba wurin zuwa ba ne. Sannan shaidar wurin: hukumar NABH tana tantance asibitocin Ayurveda, ma'aikatar yawon buɗe ido ta Kerala kuma tana ba cibiyoyi daraja, a da da sunan Green Leaf da Olive Leaf, daga baya Ayur Diamond da Gold da Silver. Kada ka tsaya a hoton takardar da suka turo, ka duba sunan a jerin hukumar.

Alamar da ta fi kowace saurin tona asiri ita ce wannan: wurin kirki ba ya yanka maka magani kafin ya ji ciwonka. Zai turo tambayoyi, ya nemi sakamakon gwaje-gwaje, wani lokaci ya ce kada ka zo. Wanda ya miƙo maka jerin tausa kamar takardar abinci, ko ya yi alkawarin warkar da suga, ƙoda, ciwon daji ko rashin haihuwa, ka san inda ya dosa.

Ka tambayi nisan wurin da asibitin zamani mai sashen gaggawa, a mintoci, ba a kilomita ba, don hanyoyin ƙauyen Kerala ƙanana ne masu lanƙwasa. Ka tambaya ko ana sake amfani da man da aka yi wa wani. A pizhichil akan maimaita man mutum na 'yan kwanaki a jikinsa shi kaɗai, wannan daidai ne, amma ba a kai shi jikin wani. Bututun ɗurar dubura ya zama sabo, matsattsaku kuma ba a ɗora wa mutum biyu, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan jini. A kuɗi kuma a rarrabe maka: ɗaki, abinci, ganin likita, tausa nawa a rana, magunguna, ɗauko ka daga filin jirgi, kuɗin ɗan rakiya, da abin da za a mayar in ka katse. Ka yi magana da wurin kai tsaye ko da ejan ne ya haɗa ku. Lambar gaggawa a Indiya 112 ce, motar asibiti a Kerala 108.

Tambaya: Ni mace ce, kunya ta hana ni tambayar ejan. Maza ne ke tausar? Kuma in al'ada ta zo fa?

Malama, a cibiyoyin da suka san kansu mace ke yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, amma ki sa a tabbatar miki a rubuce, ki kuma nemi likita mace, suna da yawa. Ki sani ana tuɓewa sosai, ɗan ƙyalle kawai ake ɗaurawa, kuma kina iya cewa a rufe inda ba a aiki a kai. Idan al'ada ta zo ana dakatar da manyan ayyukan kamar kwana uku, kwanakin kuma kin riga kin biya. Ki lissafa ki sa tafiyar bayan kin yi wanka.

Tambaya: An ce da damina maganin ya fi kamawa. Haka ne?

Haka masu Ayurveda suke cewa. Damina tana sauka Kerala wajen farkon Yuni, watansu na Karkidakam kuma, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, shi ne lokacin da 'yan ƙasar da kansu suke shiga jinya suna shan wani kunun shinkafa mai magani. Dalilinsu shi ne iska ta yi sanyi da laima, jiki ya fi karɓar mai. Abin da kowa zai iya gani shi ne gashi da sirace sun fi daɗin jurewa cikin sanyi fiye da zafin Afrilu, kuma kuɗin ɗaki ya fi sauƙi a kan na Disamba da Janairu, lokacin da Turawa ke cika wuraren.

Sai dai daminar can ba irin tamu ba ce. Ambaliyar Agustan 2018 ta kashe mutum fiye da 400, ta rufe filin jirgin Kochi kusan mako biyu. A ƙarshen Yulin 2024 ƙasa ta zaftare a Wayanad, ta binne ƙauyuka, mutum fiye da 200 suka rasu. In da damina za ka, ka guji wurin da ke gindin tsauni ko dab da kogi, ka sayi tikitin da ake iya sauya wa rana. Lokacin ne kuma na zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo, da cutar fitsarin ɓera da ake ɗauka ta taka ruwan kwance da ƙafa mai rauni. Kada ka yi iyo a kududdufin ƙauye, don an samu masu kamuwa da wata ƙwayar cuta mai shiga ta hanci ta kama ƙwaƙwalwa. Saboda ita ne ma wankin hanci na yoga, jala neti, ba a yin sa sai da ruwan da aka tafasa ya huce. 'Ya'yan itacen da ka tsinta a ƙasa da alamar cizo ka bar su, jemagu ne ke yaɗa cutar Nipah da ta ɓulla a Kozhikode a 2018.

Duk zazzaɓin da ya kama ka a makonnin farko, ka ce a gwada maka maleriya. Kana iya tahowa da ita daga gida, su kuma ba ita za su fara zato ba.

Tambaya: Wace yoga ce ta dace da wanda bai taɓa yi ba, ga shekaru ga tumbi?

Alhaji, wadda ake yi a kwance da a zaune. Kwanciya rigingine a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, a riƙe na numfashi biyar, a sauya. Durƙuso a kan hannu da gwiwa, a gantsare a ranƙwafa a hankali sau takwas zuwa goma. Ɗaga ƙugu daga kwance, tafin ƙafa a ƙasa. Sai numfashi ta hanci, a ja ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga shida, minti biyar. Minti ashirin kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako, kuma a bar awa biyu zuwa uku bayan cin abinci. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP a 2017 ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga daɗaɗɗen ciwon baya kafin ƙwayoyi.

Abin gudu: tsayuwa a kan kai ko kafaɗa ga mai hawan jini, mai hawan jinin ido ko ciwon wuya, numfashin bugu da sauri da ake kira kapalabhati da riƙe numfashi ga mai hawan jini, mai ƙaba da mai ciki, da tilasta ƙafa ta harɗe a kan cinya, wanda ke yaga guringuntsin gwiwa. Jan jijiya daban, zafi mai suka daban. In malamin ya zo zai danna ka da hannu don ka ƙara lanƙwasa, ka ce a'a.

Tambaya: In zan dawo, in sayo magungunan da yawa in raba wa 'yan'uwa?

A'a, Hajiya. Wani reshen Ayurveda, rasa shastra, da gangan yake sa ƙonannen ƙarfe da ma'adinai a magani, sunayensu kan zo da bhasma, rasa ko sindura. Binciken da Robert Saper da abokan aikinsa suka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2004 ya samu dalma, zaiba ko arsenik a 14 daga cikin magunguna 70 da aka saya a shagunan Boston. Da suka maimaita a 2008 da waɗanda aka saya ta intanet, kusan ɗaya cikin biyar ne ya fito da su. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ganyen ma ba duka ne lafiya lau ba: an samu masu ciwon hanta bayan shan giloy da ashwagandha.

Ki karɓi abin da likita ya rubuta miki ke kaɗai, na wata ɗaya zuwa uku, a kwalbar kamfani mai lambar lasisi da jerin abin da ke ciki da ranar lalacewa. Ƙullin gari marar suna ki bar musu. Ki riƙe takardar likitan saboda kwastan, ki nuna wa likitanki na gida, a auna hanta da ƙoda bayan wata guda. Idon da ya yi rawaya, fitsari mai duhu, ƙaiƙayi, ciwon ciki da taurin bayan gida, a dakatar da maganin a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Tambaya: Waɗanne takardu zan tanada?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Indiya tana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara daga masu zuwa daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi da Sudan. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma, wanda ya sauka ba shi kuwa ana iya killace shi har kwana shida. Tun 2023 akwai biza ta musamman mai suna Ayush ga masu zuwa irin wannan jinya, har da ta ɗan rakiya, kuma wurin da za ka ne zai ba ka wasiƙar gayyata. Da ka isa za su karɓi fasfo su cika wani fom, ƙa'ida ce ta sanar da hukuma zuwan baƙo cikin awa 24. Filayen jirgin da suka fi amfani su ne Kochi, Kozhikode da Thiruvananthapuram, agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi, don haka mai allurar insulin ya tsara lokutansa da likita. Ka bar aƙalla kwana biyu ko uku tsakanin aikin ƙarshe da ranar hawa jirgi, magungunan asibitinka kuma su kasance a jakar hannu, da rarar mako guda.